Ɗakin Da Na Biya Ban Gani Ba

Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu, majalisar da muke taruwa hira, ba. Duk wanda ya zauna sai ya ce, Alhaji Mamman, wai da gaske ne ka biya kuɗin ɗaki na shekara guda ba ka ga ɗakin ba? Wai kuma gidan babu ruwa? Na ba da labarin ya fi sau bakwai, kullum sai wani ya katse ni a tsakiya ya ƙarasa da nasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya tambaya in miƙa masa, ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni dillalin wake ne da gyaɗa. A Dogo aka haife ni, na shigo Damagaram ina saurayi, na fara da awon tiya a bakin kasuwa. Yau shekara talatin ke nan ban taɓa biyan kuɗin buhun da ban soka masa ƙarfe na ga abin da ke gindinsa ba. Mutane sun san ni da wannan hali, wasu ma suna jin haushinsa.

'Yata ta uku, Fassuma, ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta yi shekara guda tana koyon Ingilishi, sannan ta samu gurbi a wata jami'a a Kano za ta karanci haɗa magunguna. Ɗakunan ɗalibai na cikin makarantar sun cika tun kafin takardarta ta iso, saboda haka sai haya a cikin gari. Mahaifiyarta, Hajiya Mariyama, ta sha jin labarin masu ƙwacen waya a rediyo, kuma ba ta manta ko ɗaya ba. Daren da za mu tashi ta ce da ni, a gaban yarinyar:

"In ba ka samu inda hankalinka ya kwanta ba, ka dawo mini da ita. Ga iniversite nan a gari, ta karanci wani abin."

Na ce na yarda. Fassuma tana ninke kaya, ba ta ɗago kai ba. Ta san in na ce na yarda, to na yarda. Kwana shida suka rage a rufe rajista, kuma na ce ba zan biya kuɗin makaranta ba sai an samu wurin kwana.

Kayan da uwar ta haɗa sun isa a buɗe ƙaramin shago: gero, tukuɗi, cuku, kilishi, busasshiyar kuɓewa, sai bido biyu manya, abin da su can suke kira jarka, babu komai a ciki. Na ce me za a yi da bido a Kano? Ta ce duk inda mutum zai zauna yana bukatar wurin ajiye ruwa. Ban ja da ita ba. Matar da ta yi shekara ashirin da biyar a Birni, unguwarmu a Damagaram, tana tashi tun kafin asuba ta saurari ko famfo ya yi tari, ba a yi mata gardama a kan bido.

Ranar Laraba muka tashi. Motar ta cika tun bakwai, amma direba ya ce sai an jira wani mai buhunan barkono, ba mu bar tasha ba sai tara. Muka bi ta Takeita, muka karya kudu zuwa Kance da Matamai. Barkonon yana bayan kujerarmu, don haka daga Takeita har iyaka babu wanda ya yi hira, atishawa kawai ake yi ana yi wa juna addu'a.

A iyaka takardunmu daidai suke. Bidon ne suka tsayar da mu. Wani ma'aikaci ya ɗaga ɗaya, ya girgiza, ya buɗe ya shinshina. Ya ce shi dai bidon da ya saba gani daga kudu suke zuwa, cike da mai. Wannan ne karo na farko da ya ga an ɗaure bido sabo fil a kan kayan ɗaliba. Na ce na ruwa ne. Ya dube ni, ya dubi katin shaidata, ya ce, "Damagaram ko? Ku wuce, Allah ya ba ku ruwa." Duk motar ta ce amin.

Na canja sefa zuwa naira a Kwangwalam. Kuɗin da na ba da a aljihu ɗaya suke, waɗanda aka ba ni sai da aka nemo leda. Na ji kaina na zama babban mutum har zuwa Daura, inda muka ci shinkafa da wake faranti biyu, ledar ta fara ramewa.

Na fi shekara ashirin ina zuwa Kano, amma Kanon da na sani daga tasha ce zuwa kasuwar hatsi, in sayar in juyo. A gidan Alhaji Sabo muka sauka, abokin cinikina na tun da daɗewa. Fassuma ta shiga wurin iyalinsa, ni aka ba ni ɗakin baƙi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ce gidansa zai ba ta ta zauna kyauta, sai dai daga unguwarsu zuwa makarantar hawa uku ne na adaidaita sahu, kuɗin motar wata ya fi kuɗin haya, kuma in lacca ta kai yamma a hanya magariba za ta same ta. Ya ce in nemi ejan. Na ce mene ne ejan? Ya ce, "Irinka ne, sai dai shi ba ya ɗaukar buhu."

Ejan ɗin sunansa Bala, yana da waya biyu da takalmi mai tsini. Kafin mu taka ko'ina ya ce in ba da kuɗin gani. Na ce ganin me? Ya ce ganin ɗaki. Na ce a wurinmu mutum yana soka wa buhu goma ƙarfe ya tafi bai saya ba, babu mai ce masa komai sai a sauka lafiya. Ya ce nan ba haka ba ne, Alhaji. Na biya.

Ranar Alhamis ya nuna mana ɗaki biyar. A nan na koyi yadda ake haya a kusa da jami'a. Mu a Damagaram wata-wata ake biya, in wata ya yi tsanani ka je ka gaida mai gida. Can shekara ake biya gaba ɗaya. Bayan haka akwai kason ejan, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarnar da ba ka riga ka yi ba, akwai na 'yan sintiri, akwai na kwasar shara, akwai na wuta, ko ta zo ko ba ta zo ba. Ni komai da buhun wake nake auna shi. Ɗakin da aka ce mini buhu goma ne, kafin a gama lissafa 'ya'yansa ya zama goma sha huɗu. Na farko tagarsa tana kallon bola. Na biyu samari ne a duk sauran ɗakunan, ɗaya ya fito ba riga ya gaishe mu cikin ladabi. Na uku yana da kyau, amma kuɗinsa na sayen fili ne a Dogo. Sauran biyun ba sai na ɓata takarda ba.

Ranar Juma'a Bala ya ce akwai wani na musamman, amma sai ƙarfe ɗaya na rana za a iya gani. Ban tambayi dalili ba, kuma ya kamata in tambaya.

Gida ne mai faɗin tsakar gida, unguwar tsit, kowa ya tafi masallaci. Ɗakin ba laifi. Amma kafin mu kai ga ɗakin Bala ya tsaya ya murɗa wani famfo. Ruwa ya fito da ƙarfi har ya jiƙa mini ƙafar wando. Ya murɗa na biyu, haka. Ya ce mai gidan ya haƙa burtsatse, ruwa dare da rana, kuma ba a cajin 'yan haya. Na ɗaga kai na ga babban tanki a sama ya cika yana ambaliya, ruwa yana bin bango yana zuba a ƙasa, babu mace ko ɗaya da ta fito da gudu da bokiti.

Ku da kuke dariya a fada, ku faɗa mini wanene a cikinku zai tsaya a wurin nan hankalinsa bai tafi ba. Na sa hannu a ƙarƙashin famfon na daɗe. Na tuna shekarar da muka yi kwana goma sha ɗaya famfon gidanmu bai ɗiga ba, ina sayen ruwa da kuɗin da ya kamata in sayi nama. Bala ya faɗi kuɗin ɗakin, ya fi duk na jiya sauƙi. Ya ce akwai wani mai so zai zo da la'asar. Wannan magana ni kaina na faɗa wa mutane ta fi sau dubu, amma ran nan na ji ta kamar sabuwa. Na ciro kafin alƙalami, kuɗin buhu biyu, na miƙa ban yi tayi ba. Muka yi sauri muka samu sallah.

Da yamma a gidan Alhaji Sabo ina ba shi labarin tankin, yana ce mini mutanen Damagaram in an nuna muku ruwa ko kurkuku ne za ku kama haya. Fassuma ta kawo mana abinci, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Abba, ka lura da ƙasan tsakar gidan?"

Na ce na lura tana da laima.

Ta ce sawun tayar kura ne ko'ina, irin kurar da masu ruwa suke turawa, har bakin ƙofar ɗakin. Kuma dutsen da aka tokare ƙyauren gidan da shi ya nutse cikin ƙasa, ciyawa ta tsiro a gefensa. Ta ce dutsen da ake ɗagawa kullum ciyawa ba ta tsirowa a jikinsa.

Na sunkuyar da kai ga kwanona. Alhaji Sabo ma, Allah ya saka masa, ya mai da hankali ga tuwonsa.

Washegari Asabar, ina idar da sallar asuba na koma unguwar ni kaɗai. Akwai mai shayi daidai ƙofar gidan, na zauna a bencinsa. Shayin Kano ba shayi ba ne, kunu ne mai madara a ƙaton kofi, ana tsoma burodi. Na sha uku kafin azahar don kada a ce na tare wuri.

Tun ƙarfe shida kura ta fara shiga. Ashe mai gidan sayar da ruwan yake yi. Masu ruwa suna shiga suna fita, layi har titi. Su ba su dame ni ba, mutane ne masu neman halak, ko kallon ɗakunan ba sa yi. Abin da ke bin bayansu ne. Na ga mai sayar da turare ya shiga. Na ga wasu samari biyu sun shiga wai wanke ƙafa, suka yi kusan rabin awa. Na ga wani ya shiga hannu wofi, ya fito hannu wofi, ya tsaya yana kallon tagogi. Babu wanda ya yi sallama, babu wanda ya tambayi kowa.

Na tambayi mai shayi ko ɓarayi suna fasa gidan nan. Ya ce, "Ba a taɓa fasa shi ba, Alhaji. Me za a fasa?"

Ya ce ɗakin da aka nuna mini wata ɗaliba ce ta bar shi. Da rana tsaka ta zagaya wanka, ta dawo babu kwamfutarta babu waya, ga mutum ashirin a tsakar gida, kowa ya ce ruwa ya zo ɗiba. Ya kuma nuna mini lungun da ke kai wa makaranta. Gajere ne, amma ta tsakanin kangaye yake bi, ɗalibai ba sa shiga sai sun kai huɗu ko biyar, kowa ya tura wayarsa cikin safa. In ba ka son lungun sai ka hau adaidaita ka zagaya, safe da yamma. Na auna wannan da buhu, sai na ga arhar ɗakin ta ƙare tun kafin rabin shekara.

Na kira Bala na ce na fasa. Ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa. Na ce na sani, ni ma ban taɓa mayar wa kowa ba. Na ce amma ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a dabara ce mai kyau. Ya ce na gode, Alhaji.

Lahadi muka yi yawo babu ejan, ba mu samu komai ba. Saura kwana biyu. Da na dawo daga sallar isha'i matar Alhaji Sabo ta aiko a faɗa mini cewa yarinyar nan ta ɗaure kayanta tsaf, har bidon, kuma ba ta ci abinci ba. Ba ta roƙe ni komai ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Litinin da safe na koma wurin mai shayi, don shi kaɗai ne a unguwar ya faɗa mini gaskiya ba tare da kuɗin gani ba. Ya ce akwai wata Hajiya Uwani a bakin babban titi, tana ba ɗalibai mata ɗaki, ba ta hulɗa da ejan. Ya ce amma ba lallai ta ba ni ba, kuma gidanta ko rijiya babu.

Muka same ta a soro. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, tana zaune a kan tabarma daidai ƙofar shiga cikin gida, ta yadda ko kaza ce za ta wuce sai ta tsallake ƙafarta. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa, ga tiren gyaɗa a gabanta tana tsincewa. Bayan gaisuwa na ɗebi gyaɗar na murza, na ce wanda ya sayar mata ya haɗa da tsohuwa. Ta ce ta sani, ta tambaye ni ne?

Ni na zo yin tambaya, amma ita ta yi. Daga ina muke, wace ce uwar yarinyar, tana girki ko 'yar sayen abinci ce, wa ta sani a Kano, wane ne zai zo wurinta. Sannan ta faɗi dokokinta. Ana idar da isha'i take sa sakata, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Ɗalibai huɗu ne a ciki, tare suke fita da safe ta babban titi, tafiyar minti goma. Masu ruwa a soro suke sauke jarka, 'yan matan su shiga da ita. Ta faɗi kuɗi. Ya fi na gidan burtsatse da buhu uku, ga kuɗin ruwa daban. Na yi tayi yadda na iya, na kawo zancen nisa, na kawo zancen canjin sefa. Ta bar ni na gama, ta maimaita kuɗin.

Na ce to, bari in ga ɗakin.

"Ba ka shiga."

Na ce Hajiya, ni ne mahaifinta.

"Sauran huɗun ma suna da iyaye," in ji ta. "In na bar ka yau, gobe wani ya sa hula ya zo ya ce shi ma uban wata ne. Mijin 'yata ma a nan yake tsayawa. Ita ta shiga ta gani."

Na sake cewa ni ne mahaifinta, kuma ni ne zan biya. Ta ce ai ba ni zan kwana ba.

Fassuma ta dube ni. Na ce ta shiga. Na zauna a dakalin waje, na yi minti arba'in ina kallon titi. A cikin wannan lokaci mai gyaran wuta ya zo, aka ce ya dawo in 'yan matan sun tafi makaranta. Wani yaro mai kyan shiga ya zo ya ce littafi ya kawo wa wata, tsohuwar ta karɓi littafin ta ce ta gode.

Da Fassuma ta fito ba ta ce mini yana da kyau ko ba shi da kyau ba. Ta ce ɗakin ƙarami ne, tagar tana da ƙarfe, ta jijjiga bai motsa ba. Sakatar ciki sabuwa ce. Rufin kwano yana da tabon yoyo a kusurwa ɗaya, ta tambaya an ce an gyara, amma ba ta yarda ba sai damina. Ta ce biyu daga cikin ɗaliban suna nan, ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba. Dukansu sun ce tsohuwar ta cika faɗa, kuma dukansu shekararsu ta uku ke nan a gidan.

Na ce ruwa fa?

"Abba," ta ce, "a Birni na girma. Jarka ɗaya da suke wanka da ita, ni kwana biyu za ta yi mini."

Na ciro leda na biya. Hannuna bai so ba, don bai saba ba. Hajiya Uwani ta ƙirga sau biyu, ta ce a shigo da kaya. Na sauke komai a soro. Da ta ga bidon ta ɗaga ɗaya ta ƙwanƙwasa, ta ce wanda ya haɗa wa yarinyar nan kaya yana da hankali. Na ce ba ni ba ne. Ta ce ta sani.

Talata aka yi rajista, Laraba na kamo hanya. Ruwan da suke saya a gidan, na bincika, daga gidan burtsatsen ake turo shi.

A waya abin da na faɗa wa Hajiya Mariyama kawai shi ne an samu wuri, na kuma ce da Fassuma ta bar mini sauran. Na iso Birni bayan la'asar, na tarar da ita a tsakar gida tana jera bokitai a gindin famfo, ko za a dace. Bayan sannu da zuwa ta ce yaya ɗakin.

Na ce ban gani ba.

Ta ajiye bokitin da ke hannunta. Na zauna na ba ta labarin tun daga tankin, har buhu biyun da suka tafi, ban rage komai ba. Ba ta ce uffan a kan buhunan ba, wanda ya nuna mini za a yi zancensu wata rana. Da na kai kan tsohuwar sai ta tsayar da ni.

"Kai da furfurarka ta hana ka shiga?"

Na ce ta hana ni.

"Ka ce mata kai ne ubanta?"

Na ce sau biyu.

Ta kalli famfo. Can ta ɗauki bokitinta ta ce gobe in na fita kasuwa in sayo bido biyu a aika wa Fassuma, in kuma nemo cuku mai kyau na tsohuwar.